Gwanjo, anko da rigar da ta je Amurka

Wani mai karatu daga Agege, tela ne, ya rubuto yana tambaya: "Malam, gwanjo Hausa ce ko aro?"

Aro ce, daga bakin maƙwabtanku. Yarbawa na cewa gbanjo, wato sayar da kaya ga wanda ya fi tayi. Harshen Bahaushe ba ya ɗaukar wannan "gb" ɗin, sai ya mayar da shi "gw", kamar yadda ya karɓi apoti, wadda suke furtawa akpoti, ya mai da ita akwati. Da farko kalmar na nufin irin cinikin, daga baya ta koma kan kayan da kansu. Shi ya sa in ka je kasuwar Katangowa da ke Legas da sassafe ka tarar an farke dila, mata sun durƙusa suna tsintar riga ɗaya bayan ɗaya suna ɗagawa ga rana, ba mai yin tayi a bainar jama'a, amma sunan bai canza ba. Mutanen Kudu kuma suna ce musu okirika, da sunan wani gari a jihar Ribas.

Anko ma ta nan ta bi ta haura Arewa. Al'adar dangi su ɗinka kaya iri ɗaya ranar biki ita ce aso ebi, "tufafin dangi" da Yarbanci, har wasu 'yan matanmu ke cewa ashobe.

Kada dai a ɗauka mu kaɗai muka ci bashi. 'Yar cikin nan da ake sawa ƙarƙashin babbar riga, Yarbawa suka ari sunanta suka ce danshiki. A shekarun 1960 baƙaƙen fatar Amurka suka rungume ta da sunan dashiki. Ni kam duk sa'ad da na ji Ba'amurke ya faɗe ta sai na yi murmushi, Hausa yake yi bai sani ba.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba kuma ta ce kakarta na yawan cewa "zanin aro ba ya rufe katara", me ake nufi? Hajiya, katara ita ce gefen ƙugu zuwa saman cinya. Zanin da ba naki ba, ba don jikinki aka yanka shi ba, kina tafiya kina jan gefe, ga fargabar mai shi ta aiko a karɓa ana tsakiyar biki. Ana yi wa mai tinƙaho da abin wani wannan magana. Gwanjo kuwa bai shiga ciki ba, tunda kuɗinki kika biya.