Amsa: Mene ne aikin sharif na Selkirk, su wa suka riƙe shi?

Malam, ka tambaya ko sharif na Selkirk a Sukotilan ɗan sanda ne irin na Amurka. A'a. A Sukotilan sharif alƙali ne, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Muƙamin ya kafu a ƙasar tun zamanin Sarki David na Ɗaya (1124 zuwa 1153). Wakilin sarki ne a yanki, yana shari'a, yana karɓar kuɗin shiga. A hankali sarautar ta zama ta gado. A Selkirk zuriyar Murray ta Philiphaugh ce ta daɗe tana riƙe da ita. Bayan tawayen da magoya bayan gidan sarautar Stuart suka yi wa sarkin Birtaniya a 1745, majalisar Birtaniya ta soke gadon irin waɗannan muƙamai, aka biya iyalan diyya, daga 1748 kuma sai ƙwararren lauya ake naɗawa. A ganina wannan ne sauyi mafi girma, domin shari'a ta fita daga hannun gida ɗaya.

Wanda ya fi shahara shi ne marubuci Sir Walter Scott, daga 1799 har rasuwarsa a 1832. Kotun da ya zauna tana nan a garin, ta zama gidan tarihi. Tun 1975 Selkirk tana ƙarƙashin babban yankin shari'a na Lothian and Borders.

Ka kula: a tsofaffin takardu za ka ga sharif da mataimakinsa, kuma mataimakin ne ke yawan zaman kotu kullum, kada ka haɗa sunayensu a jeri ɗaya. Cikakken jerin sunaye da shekaru kuwa, tuntuɓi ma'adanar National Records of Scotland da ke Edinbura.