Kwamfutata Ta Ƙi Tashi Bayan An Dawo Da Wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Gusau. Ina cikin aiki aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita na danna madannin kwamfutar girke tawa, shiru. Ba fitila, ba ƙarar fanka. Takardun mutane duk suna ciki. Wani ya ce madabod, wato babban allon da kayan ciki ke jone a kansa, ce ta ƙone, in sayi wata. Me kake gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ya sami takardun, suna nan kwance a hadis (hard disk), wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta. Ko kwamfutar ta mutu murus, ana ciro shi a karanta a wata. Shi kuwa mai cewa madabod ce, ya buɗe ya gani ne, ko daga bakin ƙofa ya yanke hukunci?

Fara daga bango. Jona cajar waya a soket ɗin ka ga ko akwai wuta. Sai fulogi: mai ƙafa uku ɗin nan da muke amfani da shi akwai fis a cikinsa, kuma yana ƙonewa. Ciro kebul ɗin manita ka gwada, galibi bakinsu ɗaya. Na taɓa cin kuɗin mashin zuwa wani ofis, ashe mai shara ne ya taɓa ɗan madannin bayan kwamfutar ya koma kan O maimakon I. Kunya ta hana ni karɓar kuɗin aiki.

In duk wannan lafiya, zare kebul, ka danne madannin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar ka gwada.

Amma yadda ka ba da labari, zargina ya fi karkata ga fawa-fak, wato akwatin ƙarfen da kebul ke shiga ta baya. Shi ke karɓar wutar gari ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, don haka in wuta ta zo da ƙarfi shi ke fara shan duka. Kai hancinka kusa da fankarsa, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Wasu kwamfutocin Dell suna da ɗan madannin gwaji da fitila a jikinsa. Ka danna, in fitilar ba ta kama ba ko da ka cire sauran wayoyin ciki, ya tafi. In kuwa mai babban fulogi ne na ramuka 24, zare shi daga madabod, ka lanƙwasa ƙarfen maƙala takarda, ka haɗa ramin koriyar waya da na baƙa, sannan ka ba da wuta. Fanka ta ƙi motsi, ka gano ɓarawonka. Ta juya kuma, sai a duba madannin gaba, a ciro RAM, wato ɗan siririn allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, a goge haƙoransa da kilinar fensir, a hure ƙurar hunturu, a canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Sai an gama da waɗannan ake fara maganar madabod.

Don Allah kar ka kwance fawa-fak ɗin kansa. Akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta ko an zare kebul, zai iya yi maka illa. Canja shi ake yi, kuma ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, don na wasu kamfanoni bakinsu daban ne.

In wanda ka samo na hannu ne, juya bayansa. Tsofaffin suna da ɗan jan madanni mai 115 da 230. Na Amurka kan 115 suke zuwa, mu kuwa wutarmu 230 ce. Ka jona a haka, sai dai ka ji fas da hayaƙi. Kuma kafin ka sake kunna kwamfutar, ka sa mata UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko sitabilaiza, musamman in da janareta kake aiki.