Inbata mai wat 2,000 a motar kwana: a ina zan jona ta?

Tambaya: Ina da mota irin wadda ake kwana a cikinta, mai batir biyu, na tayar da inji da na ɗaki. Na sayi inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 2,000 don butar lantarki mai wat 1,500. Akwai gurbin da ba kowa a akwatin fiyus na ɗakin. In jona ta nan, ko kuwa?

Amsa: Malam, kada ka kusanci akwatin nan da ita. An yi shi ne don fitilu da fanka da famfon ruwa, masu shan amfiya 5 zuwa 15. Abin da ka sayo ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Ga lissafin. Wat ake rabawa da bolt a sami amfiya. A wutar gida mai bolt 230, butarka ba ta kai amfiya 7 ba, shi ya sa siririyar waya ke ɗaukarta. A batir mai bolt 12 kuwa, 1,500 ɗin nan amfiya 125 ne, in ka ƙara kusan kashi 10 cikin 100 da inbata ke ɓatarwa a zafi, ka doshi 140. Kuma ba da butar za ka auna waya ba, da cikakken ƙarfin inbatar za ka auna, don wata rana wani zai ƙara mata kaya. A cike tana jan kusan amfiya 190.

Saboda haka hanyarta daban ce: daga kan batirin ɗaki kai tsaye zuwa inbata. Na tayar da inji a bar shi da aikinsa, in ba haka ba, za ka sha shayi ka kwana inda kake.

Kaurin waya shi ne inda mutane suka fi cutar kansu. A ce ka sa mai murabba'in milimita 16, tsawon mita 3. Wuta zuwa take yi ta dawo, don haka mita 6 za ka lissafa, ja da baƙa. A amfiya 190 za ka rasa kusan bolt 1.25 a hanya, wato wat sama da 200 na zama zafi a cikin wayar da ke kwance bayan katako. Inbatar kuma za ta fara kuka ta ɗauke, domin yawancinsu suna yankewa wajen bolt 10.5, kai kuma ka ɗora wa batir laifi. Da mai murabba'in milimita 70, mita ɗaya da rabi kowane ɓangare, asarar ba ta kai bolt 0.15 ba. Ka matso da inbata kusa da batir, ka ja wayar bolt 230 ɗin zuwa inda kake so, ita ba ta damu da nisa ba. Sai dai kada ka rufe inbata da batir a akwati ɗaya idan batirin mai ruwa ne, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Sannan ka kankare bakin wayar ka duba kafin ka saya. Akwai alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ido ba ya rabewa sai an kankare an ga fari a ciki.

Fiyus kuma waya yake karewa, ba inbata ba. Wurinsa a jar waya, dab da kan batir, ƙa'idar masu jiragen ruwa ta Amurka ma inci 7 ta ce, kimanin santimita 18. Duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. Ranar da girgizar hanya ta sa ƙarfe ya ci robar wayar ta taɓa bodi, ba abin da zai tsayar da wutar. Ga waya mai 70, fiyus mai amfiya 250 irin ANL ko MEGA ya yi, sai in littafin inbatar ya faɗi wani abu daban. In batirin litiyam ne, na fi natsuwa da fiyus irin Class T. Ka ƙara makunnin yanke batir bayan fiyus, ka sa zoben roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe.

Bakunan waya a matse su da na'urar matsewa, ba guduma ba. Bayan ka gama, ka kunna butar minti biyar, ka kashe, ka bi kowane noti da yatsa. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi bai ɗauru ba. Lokacin aiki kuma baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe, kuma ka cire zobe da agogo.

Ba ka faɗi girman batirinka ba. In mai ruwa ne guda ɗaya mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), rabinsa kawai ake ci, kuma irin wannan jan yana durƙusar da shi da wuri. Litiyam mai 100Ah sau da yawa na'urar tsaronsa tana yankewa a amfiya 100, butar ma ba za ta tafasa ba. Ka duba takardarsa, mai yiwuwa sai ka haɗa biyu.

Ɓangaren bolt 230 ɗin, idan kana son ya shiga soket-soket na motar da ke karɓar wutar waje, wannan aikin ƙwararren mai lantarki ne, domin sai da makunnin sauya layi da zai hana wutar biyu haɗuwa.