Makaranta mai suna ko wadda za a san 'yarki?

Hajiya, kin tambaya ko ki daure ki kai yarinyarki babbar makarantar kuɗi mai tsananin tantancewa, ko matsakaiciya ta kusa da gida, tunda burinta likitanci. Duka biyun na gwada da 'ya'yana.

Babban na kai shi irin wadda sai an ci jarabawar shiga da intabiyu. Ba zan ci haƙƙinsu ba, malamansu nagari ne, ɗakin gwaje-gwajensu cike da kaya. Amma yaron da ya saba zuwa na ɗaya ya koma can ƙasa, jikinsa ya yi sanyi. Da aka zo raba aji a SS1, aka hana shi ajin kimiyya. Nan zancen likita ya mutu, domin JAMB ɗin likitanci Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Har yau abin yana min ciwo.

Ƙanwarsa kuwa matsakaiciya ta yi. Malamin Kemistiri ɗaya ne ya riƙe su shekara uku, ya san inda take tuntuɓe, yana tsayar da ita bayan an tashi. Yanzu tana BUK.

Jami'a dai ba ta tambayar sunan sakandare. Abin da take dubawa makin JAMB ne cikin 400, da kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, sai tantancewarta. Wasu jami'o'in ma a likitanci sai an samu kiredit ɗin duka a zaman jarabawa ɗaya. Rabon gurbi a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimi. Ina kason makaranta mai suna a nan?

In waje kike son tura ta, to wannan daban ne: manyan makarantun suna shirya yara jarabawar IGCSE ta Cambridge, wato jarabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa, sun kuma san hanyar neman gurbi a Ingila.

Tsorona da ƙananan shi ne masu tallar cewa kowa ya ci WAEC, alhali amsa ake ba yara. Ranar JAMB, yarinya ita kaɗai ce gaban kwamfuta. Ki je da kanki ranar karatu, ki ce a buɗe miki ɗakin gwaji, ki tambayi shekara nawa malaman kimiyya suka yi a wurin. In duk zango ana sauya su, ki juya.