Amsar tambayarka kan bikin 14 ga Yuli

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma gode wa Allah da ka kusa cika shekara a Faris lafiya. Innarka na gaishe ka. Ka tambaye ni asalin bikin 14 ga Yuli da abokan karatunka ke ta ɗoki a kai, da kuma ko ya dace ɗan Damagaram, wanda daga Faris ɗin aka mulki kakanninsa, ya fita ya tsaya cikin taron. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A shekarar 1789 burodi ya yi tsada a Faris, baitulmalin sarki Louis na 16 ya bushe, talaka kuwa shi ke ɗauke da haraji. Ranar 14 ga Yuli mutanen gari suka kwashi bindigogi, suka nufi wani tsohon kurkuku mai ganuwa da ake kira Bastille don neman albarushi. Kafin magariba ya faɗa hannunsu. Fursunoni bakwai kacal suka tarar ciki, amma gidan ne da sarki ke jefa mutum da takarda ɗaya ba tare da shari'a ba, don haka faɗuwarsa ta girgiza ƙasa. Rushe shi suka yi, har aka yi ginin gadar Concorde da wasu duwatsunsa. In ka je dandalin Bastille ka dubi ƙasa da kyau, za ka ga an shata inda ganuwar take da duwatsu masu wani launi daban. Na sha wucewa ta wurin lokacin da nake ɗalibi, mutane na takawa suna sauri zuwa aiki, ni ko sai in ja in tsaya.

Sai a 1880 doka ta mayar da ranar bikin ƙasa. Da safe sojoji ke fareti a titin Shanzelize, daga babbar ƙofar tunawa da nasara da Napoleon ya sa a gina zuwa dandalin Concorde, inda aka fille kan sarki Louis ɗin a watan Janairun 1793. Da dare a yi wasan wuta a hasumiyar Eiffel, wadda ita ma an tsayar da ita ne a 1889, lokacin da juyin juya halin 1789 ya cika shekara ɗari.

Abin da ke damunka na gane shi, domin ni ma ya dame ni. A watan Agustan 1789 mutanen nan suka rubuta cewa ana haihuwar 'yan Adam da 'yanci, daidai suke a haƙƙi. Sun soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, ba ta ƙare ba sai 1848. Bayan haka ne kuma sojojinsu suka iso ƙasarmu, suka ci Damagaram a 1899, aka yi aikin dole, aka karɓi haraji da bulala. Kada wani ya sa ka manta da wannan. Amma kalaman da suka rubuta sun fi ƙarfin masu rubutun, da su shugabanninmu suka riƙa kafa musu hujja har aka kai ga samun 'yancin kai a 1960. A Faris ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, ranar 10 ga Disamban 1948.

Kuma kada ka ɗauka baƙo ne kai a wurin. Ƙarƙashin waccan babbar ƙofa akwai kabarin wani soja na yaƙin duniya na farko da ba a san sunansa ba, da wata wuta a kansa da aka kunna a 1923. Kowace yamma, ƙarfe shida da rabi, ana zuwa a iza ta. Na taɓa tsayawa a nan kusa da wani dattijo baƙar fata, riga ta tsufa amma a goge, lambobin yabo jere a ƙirji. Da aka busa ƙaho ya miƙe cak, leɓensa na rawa, ya sara. Dubban 'yan Afirka sun mutu a yaƙoƙin Faransa, har da na ƙasarmu, kuma an daɗe ana biyan waɗanda suka tsira fansho ƙasa da na Turawa. Babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926 ma don tunawa da sojoji Musulmi aka gina shi. A 2010 sojojin Nijar sun yi maci a titin Shanzelize tare da na wasu ƙasashen Afirka goma sha biyu.

Don haka ka je, na yarje maka. Ka fita da sassafe, don ana rufe tashoshin jirgin ƙasa na kusa da titin, kuma ka riƙe takardunka a aljihu. In an rera taken ƙasarsu ka tsaya da ladabi, ba dole ne ka rera ba. Rawar da 'yan kwana-kwana ke shiryawa da dare a barikokinsu akwai giya, wannan ka bar musu. Wata yamma kuma ka je wurin wutar nan kai kaɗai, ka rubuto mini ko har yanzu tsofaffinmu na zuwa.