Yaya ake ƙidayar kifin da ya fi kowanne girma a teku?

Tambaya: Malam, ni masunci ne a Dadin Kowa, Gombe. Na ji a rediyo wai kifin wel-shak na neman ƙarewa. Mu ko a dam ba mu san adadin tarwaɗarmu ba, su ta yaya suka ƙirga na teku?

Amsa: Sarkin ruwa, ba ɗaya bayan ɗaya ake ƙirga su ba. Kifin nan yakan kai mita 12, wani ya wuce, kuma kowanne da irin ɗigon farin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa. Mai nutso yakan bi gefensa na hagu ya ɗauki hoton fatar da ke bayan ramukan numfashinsa, sama da fiffiken ƙirji. Sai a ɗora hoton a kwamfuta, manhaja ta gwada shi da na baya. Dabarar daga masu nazarin taurari aka aro ta, an wallafa ta a 2005.

Daga nan sai lissafi. A ce bara an ɗauki hoton kifi 40 a wani wuri, bana 50, kuma 10 daga na bana an san su tun bara. Sai a ninka 40 da 50, a raba da 10: kusan 200 ke zuwa wurin.

Inda aiki ke ɓaci shi ne hoton. Ɗigon dama daban yake da na hagu, don haka in an haɗa ɓangarorin biyu, kifi ɗaya zai koma biyu a littafi. In an ɗauka a karkace, ɗigon ya matse, manhaja ta kasa gane shi. Tsawo kuwa ido na yaudara, shi ya sa ake haska fitilun lesa biyu masu tazarar santimita 50 a jikinsa, a auna daga hoton.

Abin da ya fi damuna shi ne, a matattarar da aka sani, irin tsibirin Mafiya na Tanzaniya da gaɓar tekun Ningalu ta Ostireliya, yawancin waɗanda ake gani samari ne maza. Manyan mata na can tsakiyar teku, ba kasafai ake cin karo da su ba. Saboda haka ake maƙala wa wasu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Duk da wannan giɓi, bayanan sun isa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa a 2016, bisa ƙiyasin ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75.