Filin Injuna: Ina son babban babur, amma hanyar garinmu yashi ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni malamin gona ne a yankin Kafin Hausa, kullum ina kan hanya, yau Auyo gobe cikin fadama jibi Dutse kai rahoto, kuma duk a kan Boxer nake yi, wallahi ranar da na je Dutse na dawo sai bayana ya riƙe. Na ɗan yi tari na haɗa da kuɗin riɗin bana, ina ta kallon manyan baburan nan da turawa ke keta sahara da su a YouTube, Ténéré 700 ya shiga raina sosai amma wani abokina yace V-Strom 650 ɗan Belgium ya fi sauƙin kuɗi. Dan Allah wanne zan saya? Ni dai ba dogo ba ne can.
Daga wani malamin gona, Kafin Hausa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu je kan suna bari mu fara da nauyi, don shi ne YouTube ba ya nunawa. Ténéré 700 da tankinsa cike ya ɗan haura kilo 200, V-Strom 650 ya haura 210, wato buhun masara biyu masu kilo ɗari-ɗari har da ɗoriya. Boxer ɗinka rabin haka ne da ɗan wani abu. A kwalta ba za ka ji nauyin ba, da ka ja shi kenan. Amma kai aikinka ba kwalta kaɗai ba ne, kuma duk mai shiga yashin Jigawa sai ya faɗi, ko Boxer ne balle wannan. To ranar da ya kwanta maka a cikin rairayi da azahar, ba gida kusa ba makiyayi ko ɗaya, kai kaɗai za ka tashe shi, kuma watakila sau biyu kafin ka fita daga wajen. Akwai dabara, a sa shi a giya, ka juya masa baya ka kama kansa da hannu ɗaya ƙarfen baya da ɗayan, ka tura da ƙafafu ba da ƙugu ba. Sai dai a yashi ƙafar ma nutsewa take.

Sai tsayi, tunda ka ambata. Kujerar Ténéré milimita 875 ce daga ƙasa, dogo ne sosai, mutum matsakaici ɗage yake yi in ya tsaya. V-Strom 835, Honda Transalp 750 da ya fito a 2023 kuma 850, Royal Enfield Himalayan tsohon yayi mai cc 411 shi ne 800. Ka ga bambancin kamar ba yawa, amma a gefen kwazazzabo inda ƙafarka ke neman ƙasa ta rasa, ɗan yatsa biyun nan shi ne komai.

Ténéré, tun da Yamaha suka fito da shi a 2019, ba wanda ya raina shi a daji. Injin silinda biyu cc 689, tayar gaba inci 21 ta baya 18, cikinsa ya yi nisa da ƙasa, kana iya kashe ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, in ka sauka daga kwalta, kuma injin ba ya laulayi, sai wajen kilomita 40,000 ake duba bawul. V-Strom kuwa gaskiya babur ɗin kwalta ne da aka ɗan ɗaga. Tayar gaba inci 19, cikinsa kusa da ƙasa, filtar bakin mai da bakin salansa suna nan a fili gaban inji, in ba ka sa masa farantin kariya ba dutse ɗaya ya isa. Amma a hanyar Dutse ko Kano ya fi Ténéré daɗin zama nesa ba kusa ba, tankinsa lita 20 na Ténéré 16, kuma tun 2004 Suzuki ke ƙera shi shi ya sa kayansa na hannu suka fi samuwa. Abokinka bai yi ƙarya ba.

In ni ne kai fa, duka biyun ba zan fara da su ba. Aikinka rabi fadama ne, kuma laka ta damina ba ruwanta da cc. Zan nemi mai silinda ɗaya mara wayoyi da yawa, Himalayan 411 ko Suzuki DR650 in an dace, shi DR kilonsa bai kai 170 ba, kabureta ce da shi, ba lagireto, iska da bakin mai ke sanyaya shi. Kawasaki KLR650 ma duk wanda aka yi har zuwa 2018 kabureta ce, tankinsa lita 23, sai dai shi ma ƙato ne. Dalilina ɗaya, makaniken Hadejia ko Kafin Hausa da ya saba da Boxer da Jincheng in ya buɗe kaburetar DR zai gane abin da yake gani. In ka kai masa mai injekta, wato wanda kwamfuta ke fesa masa mai maimakon kabureta, fitilar gargaɗi ta kama, sai ya fara gwaje-gwaje a kan miliyoyinka. In kuma zuciya ta ƙi sai Ténéré, to kar ka sayar da Boxer, bar shi don damina da kuma makonnin da za ka yi kana jiran kaya daga Legas.

TAMBAYA: Malam ni na riga na saya, V-Strom 650 na hannu. Da farko lafiya lau amma yanzu in na murɗa totur sosai a hanyar Gumel zuwa Maigatari sai ya riƙa shaƙewa kamar mai zai ƙare alhali tanki da mai, in na sassauta kuma ya daidaita. Makanikena yace filogi ne mun canza ba canji, yanzu wai zai buɗe inji.
Daga Gumel

AMSA: Kar ka bari ya buɗe injin nan ɗan'uwa, tun kafin ka gama karanta amsar nan ka kira shi. Abin da ka faɗa alamar mai ne ba ya isa. A cikin tankin V-Strom akwai famfon mai na lantarki haɗe da filta, kuma sananniyar matsalarsa ce filtar ta toshe. A ƙaramin gudu ɗan man da ke wucewa ya isa, da ka nemi ƙarfi sai ya gaza. Na tabbata kana shan man bumburutu, don yankinku wani lokacin ba yadda za a yi. Man galan da na kwalba yana zuwa da ƙura da tsatsa, wani har da ruwa, Boxer zai haɗiye ya wuce, injekta ba ta yafewa. A sauke tanki a wanke, a ciro famfon a duba rariyarsa ta ƙasa da filtar, a gwada yawan man da yake turowa. Daga yau kuma ka riƙa yawo da mazurari mai rariya ko ƙyalle mai tsabta kana tacewa, ka daina barin tanki yana kaiwa ƙasa don man ne ke sanyaya famfon.

Tunda an ɗaga tanki a duba iyakilina, wato filtar iska, a ƙarƙashinsa take. Littafin kamfani ba don ƙurar hunturun Maigatari aka rubuta shi ba, ranar Alhamis ta kasuwa kaɗai in ka bi bayan motocin shanu ya isa. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur, a kaɗe ko a canza. Kuma ka kula da batir, baburan nan ba su da kik, in batir ya mutu murus ko turawa aka yi da wuya ya tashi don famfon mai na bukatar wuta.

TAMBAYA: Salam Malam. Maigidana ne ya dage sai ya sayar da shanun huɗa ya sayi irin wannan ƙaton babur, wai zai riƙa zuwa kasuwar Wudil da Dambatta da shi yana fatauci. Ni hankalina bai kwanta ba, na yi magana yace ban san komai a kan inji ba. Da gaske ribar za ta fito?
Daga wata uwargida, Gaya

AMSA: Hajiya, a kan inji watakila ya fi ki, amma a kan lissafi ke ce da gaskiya. In don fatauci ne ba za ta fito ba. Irin waɗannan suna yin kilomita 20 zuwa 25 a lita ɗaya, Boxer yana ninka haka ko fiye, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023. Man ma shi ne mai sauƙi. Taya, sarƙa da siproket, takalmin birki, filta, duk daga waje suke zuwa da farashin dala, kuma tayar baya mai faɗin 150 ba a kasuwar Gaya take ba, wani lokacin ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sai an yi sa'a, sai dai a aiko daga Legas. Sannan ba a yi shi don lodi ba. Boxer sai a ɗaura masa buhu biyu da akuya ya tafi, wannan kuwa salansarsa a sama take da zafi, robobinsa in suka fashe kuɗi ne.

Ba na so in shiga tsakaninku, amma ki nuna masa wannan cikin lalama bayan ya ci abinci. In nisan hanya ne ke damunsa, akwai masu cc 150 zuwa 200 irin su Boxer 150 da na Qlink da Haojue, kayansu na nan ko'ina, ba sai an taɓa shanu duka ba. In kuma sha'awa ce kawai, to sha'awa ba laifi ba ce, ya kira ta da sunanta, ya bari sai bayan kaka ya saya da rarar da ba ta noman baɗi ba. Kuma ko wanne ya saya ki tsaya kai da fata a kan hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin ECE ko DOT, ba irin ta leburorin gini ba. Mai cc 650 yana haura kilomita 160 a awa, hanyoyinmu kuma shanu da yara da amalanke ne, duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san sauran.

TAMBAYA: Wani dillali ya turo min hoton Kawasaki Versys 650 a WhatsApp yace ɗan Amurka ne tas, takardu suna hanya. In tura kafin alƙalami?
Daga Rano

AMSA: A'a. Takardar kwastam da ke hanya ba takarda ba ce. Je ka da ƙafarka, ka karanta lambar shasi a wuyan babur, haruffa da lambobi 17 ne, ta dace da ta takarda harafi da harafi, haka lambar inji. Da yawan 'yan Amurkan nan daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ake sayo su, don haka ka duba ƙafafun gaba ko sun lanƙwashe ko suna yoyon mai, ka duba wuya ko an yi walda an shafe da fenti, ka ce kar a tayar da shi sai ka zo don ka ji tashinsa da sanyi. A jikin taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, tayar da ta shekara shida ko bakwai ko da zanenta ka sa kuɗin sabuwa a ciniki. Kuma ka sani Versys tayoyinsa inci 17 ne gaba da baya, na kwalta ne zalla, in nufinka burjin Sumaila ko hawan Riruwai ba shi ba ne. Bayan saye ka yi lamba da lasisi ajin A a wajen hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, babban babur ido yake ja a shingen hanya. In za ka shiga birni da goyo ka tuna tun Janairun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, wani lokaci a sassauta wani lokaci a matsa.

TAMBAYA: Malam yaya ake tuƙa su a yashi ne, ni da na shiga kan yake ƙwace min. Kuma zan iya zuba masa bakin man mota?
Daga Sule Tankarkar

AMSA: Kan na ƙwacewa ne saboda kana zaune kana kallon tayar gaba, da ka tsorata kuma ka saki totur, nauyi ya koma gaba taya ta nutse. Miƙe tsaye kan matakai, ka ja jikinka baya, giya ta biyu, totur daidai ba yankewa, idonka can gaba inda kake son zuwa, ka sassauta riƙo ka bar kan ya ɗan yi rawarsa. Birkin gaba kar ka damƙe shi. Ka rage iskar taya kaɗan, amma ba sosai ba in mai tiyub ce irin ta Ténéré ko Transalp, kuma ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Ka fara koyo a filin ƙwallon garinku da mutum biyu a kusa.

Bakin man mota kuwa a'a. Kulocin babur a cikin bakin man yake wanka, na mota da yawa akwai sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, 10W-40 ko abin da littafinsa ya ce, kuma a ƙurarku ka canza tun kafin lokacin da littafin ya yanka. Sarƙa ka wanke da kananzir ba fetur ba don akwai ƙananan robobi a cikinta, ka shafa mai kaɗan ka goge, in ta yi damshi da yawa yashi take kwasa ya cinye siproket. Ƙayar aduwa da bagaruwa kuma ba ta san tsadar taya ba, ka riƙa tafiya da tiyub inci 21, ƙarafan cire taya da ɗan famfo, don mai facin ƙauye yana da gam da faci amma sifanan da zai kwance wilinka sai dai ka zo da abinka.